Shingen Nomau a Birnin Murjani

Ku gyara zama ku ji labarin Nomau, mutumin Marke Biyu, wanda ya iya noma har iyawar ta cuce shi.

A zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, in ana lissafin manoma a yankinsu ba a kiran kowa kafin Nomau. Aibinsa guda ne: ya tsani dabba mai kiwo kamar ya mutu. In ya hango akuya ta doshi gonarsa, ko tuwo yake ci sai ya miƙe da loma a hannu. Shingen ƙayar da yake kafawa kuwa, ko ɓera sai ya yi shawara kafin ya ratsa. Matarsa Tasalla takan ce, “Maigida, wata rana ni ma sai ka kewaye ni da ƙaya.” Shi kuma ya ce, “Da kina tsayawa wuri ɗaya ai da tuni na yi.” Allah bai ba su haihuwa ba, amma duk ƙauyen an san abinci ba ya wuce masa wuya in ba ta zauna kusa da shi ba.

Wata shekara da rumbunansu suka cika, suka ɗaura niyyar aikin hajji. Suka bi ayari suka yanki gabas, yau tafiya gobe ƙwadago, har suka iso Sawakin a bakin Bahar Maliya, suka shiga jirgin katako. Ana tsakiyar ruwa da hantsi iska ta taso, jirgi ya daki wani dutse da ke ɓoye a ƙasa, ya dare gida biyu. Nomau ya damƙe hannun Tasalla, ruwa ya haɗiye su tare.

Yana buɗe ido ya gan shi tsaye a kan farin yashi, yana numfashi kamar yana tsakar gidansu. Gabansa ga birni, ba tubali ba laka, duk murjani ne. Ba irin ɗan murjanin da mata ke ratayawa a wuya nake faɗa ba. Wannan mai rai ne, tsiro yake yi. Wani ya yi rassa, wani ya baje kamar faifai, wani ya dunƙule ya fi rumbu girma, ja da rawaya da shuɗi da wasu launuka da ba mu da sunansu. Ta kowace kafa ’ya’yan aljanun ruwa na leƙensa suna ƙyalƙyala dariya, don ba su taɓa ganin mai ƙafa biyu ba.

Aka kai shi gaban Magajiyar birnin, wata doguwar aljana wadda gashinta ke yawo cikin ruwa, idanunta kuma ba sa ƙiftawa. Gefenta ga wani ƙaton ƙwanso a buɗe, Tasalla na kwance a ciki kamar mai barci.

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Ranki ya daɗe, me ya sami iyalina?”

Magajiya ta ce, “Ya kai ɗan Adam, matarka ta sha ruwa fiye da kai. Numfashinta ya bar ƙirjinta, amma kwananta bai ƙare ba. Da ya ƙare, wa ya isa ya tare shi? Mun kama numfashin kafin ya kai saman ruwa, mun ajiye shi a nan.” Ta buɗe tafin hannunta, sai ga ɗan tsiron murjani jawur, bai wuce babban yatsa ba. “Duk abin da ta sani da duk wanda take so suna cikin wannan. Za a dasa shi a bayan birni inda rana ke sauka. Ranar da ya kai tsawonta za ta tashi. Tsiron farko a ƙasarmu damina ɗaya yake ɗauka.”

“Ranki ya daɗe, in dai shuka ce an zo gidanta. Me ake so in yi?”

“Abu ɗaya. Ka zauna ka jira. Manoma za su zo, kada ka hana su aikinsu.”

Nomau ya ce ya ji ya karɓa. A ransa kuwa cewa ya yi, wane manomi ne za a kawo ya koya wa Nomau riƙon shuka? Da ya buɗe baki ya ce su wane ne manoman, wallahi da labarin nan bai kai mu inda zai kai mu ba. Matambayi ba ya ɓata, amma gogan naku bai tambaya ba.

Aka dasa tsiro a kan wani faffaɗan dutse, aka rufe ƙwanso aka ajiye a gefensa. Da yamma ta yi sai wasu ƙananan bakuna suka buɗe a jikin tsiron, murya ta fito siririya kamar ana magana cikin tulu. “Maigida, kai ne? Kai, wurin nan da haske yake! Ka ci abinci kuwa?” Nomau, ƙato guda, ya zube a yashi ya yi ta kuka. Tun daga ranar kullum yamma sai sun yi hira, tana tsokanarsa yana ramawa, tsiro na ƙara tsawo, ya kai masa idon sawu, ya kai ƙwauri.

Manoma kuwa shiru kake ji. Kullum yana baza ido ya hango masu fartanya a kafaɗa, ko ɗaya bai gani ba. Abin da yake gani kawai garke ne. Kowace safiya wasu kifaye kore da shuɗi, masu baki irin na aku, sukan sauko su rufe dutsen, ba ka jin komai sai ƙaras, ƙaras, suna kankara. Bayansu ga bushiyoyin teku, baƙaƙe, ƙaya ta ko’ina, suna jan ciki suna lasar dutse. Mai kora su wani tsohon kunkurun ruwa ne da sandar kiwo saɓe a bayansa.

Nomau ya cije, ya daure. Ran nan ya duba ya ga wani kifi ya gatsi gefen tsiron Tasalla, ya bar farin tabo kamar ƙwayar gero. Tabɗi! Ai sai ya miƙe ya nufi kunkuru.

“Kai mai dabbobi! Ba ka da ido ne? Ɓarna a gabana da rana tsaka?”

Kunkuru ya juyo a hankali ya ce, “Sannu baƙo. Kiwo muke yi. Nan burtalinmu ne tun kafin a haifi kakan kakanka.”

“Burtali a kan matata? Dubi abin da ɗanka ya yi!”

“Tabon nan kafin jibi ya rufe. Wanzami ma yakan ɗan yanki mutum garin aski. Ka bar mu mu yi abin da ya kawo mu.”

Nomau ya ce, “Haka kuke cewa duk inda kuke. Na tudu da na ruwa bakinku ɗaya.”

Ya koma inda jirginsu ya nutse, ya kwaso katako da wani tsohon tarun masunta, ya kafa shinge. Da ya lura dabbobin nan ba ta ƙasa kaɗai suke zuwa ba, ta sama ma sauka suke, sai ya yi wa shingen rufi da taru, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka fara shuka. Bushiyoyin kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da katako ya ɓamɓare ya watsar. Kunkuru ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya garkensa suka yi kudu.

Da nan ya tsaya da sauƙi. Amma manomin kirki ai ba ya barin shuka ba taki. Ya haura wani tsibiri da tsuntsaye ke sauka, ya kwaso kashinsu ya zuba a gindin tsiro. Ba a jima ba dutse ya yi kore shar. Ku da kuka san mutumin da ya tashi inda ake fita roƙon ruwa, kun san abin da kore ke yi wa zuciyarsa. Nomau har rawa ya taka. Ai gansakuka ce, bawan Allah! Ciyawa ce! A gonarsa ta gida ko daga barci ka tashe shi zai bambance maka gero da harƙiya, amma a nan ɗauka ya yi ganyen murjani ne ya fara fitowa.

Wata yamma Tasalla ta ce, “Maigida, hadari ne yau? Ban ga rana sosai ba.”

“Inuwa ce, ganyenki ne ya fito. Ki huta abinki.”

“Masu yi mini susar nan fa? Kwana biyu ban ji su ba, jikina sai ƙaiƙayi.”

“Na raba ki da su. Ba mai ƙara taɓa ki.”

Ta yi ’yar dariya ta ce, “Ashe dai sai da ka kewaye nin.”

Washegari ta tambaye shi sunan ƙauyensu, ya ɗauka wasa take yi. Bayan nan ta tambaye shi ko tana da uwa. Daga nan sai ya zo wata yamma ya yi sallama, ya sake yi, ya kira sunanta da ƙarfi, ba amsa.

Ya matso kusa. Ya sa hannu ya ɗaga koren nan, sai ya ji yauƙi, a ƙarƙashi kuma jan murjani ya koɗe. Sai a lokacin idonsa na manomi ya buɗe, ya gane ciyawa ya yi ta raino. Ya hau cira da yatsu, ya lanƙwasa ƙusar jirgi ya mai da ita fartanya, amma duk inda ya karta sai fatar murjanin ta biyo ƙusa. Abin da ya share da safe kuwa kafin la’asar ya dawo, don takin da ya zuba da hannunsa yana nan yana aiki. Ya jefar da ƙusa ya sheƙa fada a guje.

Magajiya ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, “Ina manoman da na ce ka jira?”

“Ranki ya daɗe, ba su zo ba.”

“Ya kai ɗan Adam, a garinku me ake kira noma?”

“A cire ciyawa daga gindin shuka, don ta sha rana ta sha iska.”

“To me ka ga garken nan yana yi kowace safiya?”

Nomau ya ɗora hannu a ka.

Ta ce, “Murjani ba ya gudu, ba shi da hannun da zai kare kansa. Ciyawa ta fi shi saurin girma nesa ba kusa ba. In ba a kiwo a kansa sai ta lulluɓe shi ta hana shi rana, ’ya’yansa ma su rasa tsiraran dutsen da za su sauka su kama. Bakin da ka kira na ɓarna shi ne fartanyarmu. A ƙasar nan makiyayi shi ne manomi. Kai kuwa ka kori manoma, ka ciyar da ciyawa.”

“Ranki ya daɗe, a umarce su su dawo.”

“Ba bayina ba ne, maƙwabtana ne. Wanda ya yi kora shi ke biko. Ka bi kudu, kuma ka yi sauri.”

Ya kama hanya ko waiwaye ba ya yi. Wuri na farko da ya isa kufai ne. Da birni ne da ya fi na Magajiya girma, yanzu ciyawar ruwa ta haɗiye shi, doguwa, mai yauƙi, ba kifi ba motsi. Yana sa ƙafa ta naɗe masa sawu, ta hau ƙugu, ta doshi wuya. Yana fizga tana ƙara ɗaurewa. Wata tsohuwar aljana da ke zaune a bakin rusasshen gida ta ɗago kai ta ce, “Wane ne mai ratsa makabartarmu?”

“Mai laifi ne, Iya. Biko zan je.”

Ta ce, “Mu ba mu kori kowa ba. ’Yan’uwanka masu taru ne suka kwashe mana garke kaf suka kai kasuwa. Ga abin da ya rage mana. Ciyawar nan ba ta sakin mai fizga. In kana son wucewa ka ci hanyarka da baki, yadda dabba ke yi.”

Nomau, wanda ko a wasa ba a haɗa shi da akuya, ya duƙa ya yi ta gatsar ciyawa yana haɗiya, ɗaci kamar maɗaci, har ya ɓulla ta ɗaya gefen yana kelaya amai.

Gaba kuma ya iske wani fili fari fat, ba ciyawa ba murjani, sai bushiyoyin teku ba masaka tsinke. Sun cinye ciyawa, sun cinye tsiro, sun koma cin dutse. Babbarsu ta miƙar da ƙayoyinta ta ce, “Ya kai mai ƙafa biyu, kifayen da ke rage mu an kame su, mun yi yawa, yunwa ta mai da mu abin da kake zargi. Ga ɓarna ta gaskiya nan, ka dube ta da kyau don gobe ka iya bambancewa. Hanya kuwa babu sai ta kanmu. Da katako ka ɓamɓare ’yan’uwanmu, yau da tafin ƙafa za ka taka mu.”

Ya ce bismillah ya taka. Ƙaya na shiga tana karyewa a ciki, jini na bin ruwa a bayansa, wasu manyan kifaye masu haƙora kamar zarto suka biyo warin jinin suna zagaya shi. Bai tsaya ba, don duk lokacin da ya runtse ido koren nan yake gani yana hawa tsiron Tasalla.

Bayan filin ya hango wani gari na murjani yana sheƙi, ya kuma jiyo ƙaras, ƙaras. Ya iske tsohon kunkuru a tsakiyar garkensa, ya zube gabansa ya ce, “Baba makiyayi, biko na zo. Na zage ku a kan aikinku. Ni ne maɓarnacin.”

Kunkuru ya ce, “A gaban ’ya’yana ka kira mu maɓarnata. Ɗaga murya su ji.”

Ya ɗaga murya ya maimaita. Wani babban kifi mai tudun goshi ya matso ya ce, “Farin yashin da kake takawa tun zuwanka, ka san daga ina yake? Mataccen dutsen da muke kankara ne, ya bi ta cikinmu ya fito. Ko ƙasar da ka tsaya a kai ka zage mu, mu muka yi ta.”

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, “Na ji. Ku yi mini duk abin da kuka ga dama, amma ku ceci matata.”

Kunkuru ya ce, “Za mu koma, ba don kai ba. Sai dai na tsufa, tafiyata ba za ta kai mu a kan kari ba. Karɓi sanda, kai za ka kora.”

Da mutanen Marke Biyu za su ga Nomau da sandar kiwo a kafaɗa yana bin bayan garke, da sun ce tashin duniya ya zo. Haka ya koro su, yana ɗingishi yana roƙonsu su ƙara sauri, har suka iso bayan birni. Ya faɗa wa shingen nan da hannu biyu, ya yage taru, ya tumɓuke katako. Garke ya sauka a kan dutse. Ƙarar da ya tsana a da, yau ji yake kamar ya rungume ta.

Kore ya yi ta yayewa. Tsiron ya riga ya kai ƙugu kafin ya tsaya, amma abin da ya bayyana fari ne fat, ƙashi zalla. Nomau ya zagaya shi, ya sake zagayawa, yana duba reshe bayan reshe yana salati. Sai can a kan wani ɗan reshe da ya leƙo waje ta wata ɓula a jikin tarun, inda ƙananan kifaye masu wucewa ke iya kai baki, ya ga ja kamar faɗin farce. Duk abin da shingensa ya rufe ya mutu. Inda ya kasa rufewa ne kaɗai ya rayu.

Magajiya ta zo da kanta ta duba, ta ce, “Da sauran rai. Za a ɓalle shi a sake dasawa. Amma tsiron farko ya wuce, na biyu kuwa tafiyar murjanin duniya yake yi, gaɓar yatsa a shekara. Kuma ka sani, abin da ya mutu ya tafi da abin da ke cikinsa. Za ta tashi da lafiyarta da hankalinta. Abin da za ta tuna ne ban yi maka alkawari ba. In ka so, yau a fitar da kai tudu, ka yi hajjinka ka koma gida.”

Nomau ya ce, “Ranki ya daɗe, tare muka fito.”

Allah Sarki! Haka ya zauna. Tsohon kunkuru ya bar masa sanda, ya zama shi ne makiyayin Birnin Murjani. Ya koyi inda ake sakin garke da lokacin da ake ɗage shi don kada kiwo ya wuce kima, ya koyi rage bushiyoyi in sun yi yawa da kawo su in sun yi kaɗan. Birni ya yi kyan da bai taɓa yi ba, shi kuwa ba abin da ya dame shi sai reshe guda. Kullum yamma yakan je ya yi sallama, ƙananan bakuna su buɗe, amma ba murya. Sai ya zauna ya ba ta labarin Marke Biyu, da bishiyar da ke ƙofar gidansu, da sunan uwarta, ko Allah zai sa wani abu ya shiga. Wani lokaci yakan tsaya a tsakiyar magana ya ce, “Kin faɗa mini, Tasalla. Kin ce ba kya ganin rana, na ce miki inuwa ce.” Wannan kalmar ita ta fi ƙayar da ke ƙafarsa ci masa rai. Gashinsa ya yi fari, haƙora suka zube, baya ya rusuna, sandar kiwo ta koma ta dogarawa.

Wata rana da hantsi, yana tsaye garke na kiwo, sai ya ji ƙwanso ya yi ƙara ya buɗe. Tasalla ta tashi zaune, ta yi miƙa, tana nan yadda take ranar da suka shiga jirgi, ko furfura ɗaya babu. Ta dubi birni, ta dubi kifaye, sannan ta ga tsoho tsaye da sanda. Ta gyara ɗankwalinta, ta zo ta durƙusa.

“Ina kwana, Baba.”

Duk maganar da ya yi shekaru yana tanadi ta gudu. Da ƙyar ya ce, “Lafiya lau. Kin tashi lafiya?”

“Lafiya lau. Baba, ina ne nan? Na san dai hajji na nufa, daga nan ban san komai ba. Kai ka tsare ni ina barci? Yaya sunanka, in san wanda zan yi wa addu’a?”

Ya dube ta, ya dube ta, sannan ya ce, “Nomau.”

“Nomau,” ta maimaita, sarai, ba sunkuyar da kai, ba rufe baki. “Allah ya saka maka da alheri, Baba Nomau.”

Tun ranar da aka ɗaura musu aure bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba, don mace ba ta kama sunan mijinta. Ko kalmar noma Tasalla ba ta faɗa, sai dai ta ce aikin gona. Yau ga shi ta faɗe shi kamar sunan kowa, kuma bai ga ya taɓa komai a fuskarta ba.

Ya ce, “Amin. Taso, baiwar Allah, in raka ki tudu. Ba a rasa jirgin alhazai.”

Ya wuce gaba yana dogara sanda, tana biye da shi a baya, tana tambayarsa ko yana da iyali.